Neman shawara kan hanyoyin tafiyar ƙasa a tsaunukan Gashaka-Gumti

Mai Tambaya daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ni da wasu abokan aikina muna shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a lokacin hutun ƙarshen shekara, da niyyar mu bar mota mu shiga dajin da ƙafa. Abin da ya raba kanmu shi ne, wasu sun nace sai mun hau Chappal Waddi tunda shi ne tsauni mafi tsayi a Nijeriya, wasu kuma suna ganin mu tsaya a wajejen ƙauyen Gashaka, domin cikinmu akwai waɗanda ba su saba da doguwar tafiya ba. Ina roƙon waɗanda suka san wurin su yi mana bayanin hanyoyin da ake bi, da abin da ake gani a kowace, da kuma lokacin da ya fi dacewa. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Serti:

Wa alaikumus salam, Malam. Farkon abin da ya kamata ku sani shi ne girman wurin, domin daga nan baƙi suke fara kuskuren lissafi. An kafa gandun a 1991 bayan an haɗe dazuzzukan Gashaka da Gumti, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya dangana da iyakar Kamaru. Ɓangaren arewa, wato Gumti, wanda ake shiga ta Toungo, yawancinsa fili ne mai itatuwa jefi-jefi. Tsaunuka da kurmi suna kudu, kuma ƙofarsu ita ce Serti, inda babban ofishin gandun yake. Daga Jalingo za ku bi ta Garba Chede da Bali kafin ku iso, kuma a ofishin ne za ku karɓi izini, a haɗa ku da ma'aikatan gandun da za su raka ku. Ba a shiga ba tare da su ba.

Tunda kun ce akwai waɗanda ba su saba ba, shawarata ita ce ku bi hanyar Gashaka zuwa Kwano. Mota mai ƙarfi za ta kai ku ƙauyen Gashaka idan ruwan koguna ya ja baya. A kan tudun da ke saman ƙauyen akwai kufan sansanin Jamusawa, tun zamanin da yankin yake ƙarƙashin mulkinsu kafin yaƙin duniya na farko, kuma hawansa gwaji ne mai kyau: wanda ya kai sama ba tare da galabaita ba zai iya abin da ke gaba. Daga ƙauyen zuwa Kwano, inda masu binciken birai suka daɗe suna aiki, tafiyar 'yan sa'o'i ce. Hanyar tana ratsa dajin ciyawa mai dogayen itatuwa, sannan ta faɗa kurmin bakin rafi, inda duhu da sanyi suke rufe mutum nan take, saiwoyin itatuwa masu faɗi kamar katanga suna tare hanya, ruwa kuma garau yana gudu a kan duwatsu har ana ganin kifi a ƙasansa.

A kurmin nan ne ake samun babban birin nan chimpanzee, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwoyin itatuwa ƙarar tana tafiya nesa. Ganinsa sai an yi sa'a ƙwarai, domin yana gudun mutane, amma jagora zai nuna muku sheƙoƙin da yake yi da rassa a saman itace ya kwana, da 'yan sandunan da yake zura wa ramin tururuwa ko na zuma ya yar a wurin. Biri mai roro kuwa, baƙi mai farin gashi a kafaɗa da jela, ba ya wuyar gani da sassafe, haka ma gwaggon biri. Akwai ɓauna da aladen daji da mazo, a kogin Kam kuma akwai dorina da kada, saboda haka kada kowa ya shiga ruwa sai inda ma'aikata suka amince.

Masu sauran ƙarfi a cikinku za su iya zarcewa zuwa Chappal Hendu. A ganina wannan hawan ya fi kowane kyau a gandun, domin a tafiya ɗaya mutum yana barin kurmi mai zafi, ya bi doron dutse yana hawa, har ya ɓulla wani tudu mai gajeriyar ciyawa da iska mai kaɗawa ba fashi, inda Fulani suke kiwon shanunsu saboda ƙudan tsando ba ya kai wa can.

Malama daga Jalingo:

Na yarda da bayanin Malam na Serti, sai dai ina so in tsaya a kan batun lokaci, domin kun ce ƙarshen shekara, kuma 'yan makonni kaɗan suna sauya abin da ido zai gani. Damina a yankin nan doguwa ce, tana kamawa tun wajen Afrilu ta kai har Oktoba ko farkon Nuwamba, kuma a cikinta koguna suna cika su yanke hanya, duwatsu su yi santsi. Shi ya sa aka saba cewa a zo tsakanin Disamba da Maris. Wannan gaskiya ce ta fuskar sauƙin tafiya, amma wanda ya zo don kallon shimfiɗar ƙasa ya sani cewa idan hunturu ya kankama, hazo yana rufe tsaunuka, mutum ya sha wahalar hawa ya kai ƙololuwa amma bai ga komai ba sai fari fat. Ga kuma ƙonar daji da ake yi da rani, wadda take mayar da gangaren duwatsu baƙi ƙirin har sai sabuwar ciyawa ta tsiro. Saboda haka idan kuna da iko, ku matso da tafiyar zuwa farkon Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba.

Ku kuma ɗauki sanyin saman tsauni da muhimmanci. Mutumin da ya yini yana gumi a kwari ba ya yarda cewa da dare zai yi rawar ɗari, amma haka abin yake, kuma raɓa tana jiƙa tanti sharkaf kafin asuba. Ku tanadi rigunan sanyi da bargo, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, da riga mai dogon hannu saboda cizon ƙudaje a kurmi, da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ruwan sha da na alwala ba ya yankewa a hanya, amma a tafasa na sha.

Dattijo daga Gembu:

'Ya'yana, sannunku da wannan niyya. Zan yi magana a kan Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, tunda shi ne abin da ya raba kanku. Tsayinsa mita 2,419, yana zaune a kan iyakarmu da Kamaru, kuma hanyar da aka fi bi zuwa gare shi ba ta Gashaka take ba. Bayan kun gama da ofis a Serti, za ku wuce Mayo Selbe, ku hau hanyar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe zuwa saman Mambila, ku bi ta Maisamari har Nguroje, daga nan ku karkata zuwa Njawai, inda sau da yawa babur ya fi mota amfani. Daga can sai ƙafa, kuma tafiyar kwanaki ce da kwana a tanti, ana hawa ana gangarawa ana tsallake rafuka.

Dutsen ba ya buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta musamman. Abin da yake cin mutum shi ne nisa da yawan hawa da sauka, domin sai ka ga tudu a gabanka ka ɗauka shi ne na ƙarshe, idan ka kai samansa sai wani ya bayyana a bayansa da kwari a tsakani. Saman kuwa ciyawa ce shimfiɗe, da guntayen kurmi a cikin lunguna inda gansakuka ta lulluɓe rassan itatuwa, kuma ranar da sama ta washe ana hango tsaunukan Kamaru jere har ƙarshen gani. Ruwan da ke tsattsafowa daga waɗannan lungunan shi ne yake taruwa ya zama rafukan da ke ciyar da kogin Taraba, daga nan ya faɗa Binuwai, don haka duk wanda ya sare itace ko ya bar wuta a can ya cuci mutanen da bai taɓa gani ba. Ku kashe wutar girkinku da ruwa, ku kwaso ledojinku ku sauko da su.

Ra'ayina shi ne kada ku ja wanda bai shirya ba zuwa wannan tsauni, domin idan ƙafar mutum ɗaya ta gurɗe a can, ɗaukarsa za a yi a kafaɗa, kuma waya ba ta kamawa a mafi yawan hanyar. Ku fara da Kwano gaba ɗayanku, sannan waɗanda jikinsu ya karɓa su shirya wa Chappal Waddi tafiya ta daban. Idan kun iso ƙauye ko ruga, ku fara gaida jauro ku faɗi abin da ya kawo ku, kada ku ɗauki hoton kowa sai da izini, kuma ku gama ciniki da 'yan dako tun kafin a ɗaura kaya. Ku riƙe katin shaidarku saboda kusancin iyaka, ku kuma tuntuɓi ofishin Serti a makon da za ku taso, su gaya muku halin da hanya da tsaro suke ciki a lokacin.

Mai Tambaya daga Zariya:

Mun gode ƙwarai, Baba, da ku Malam da Malama. Mun tsayar da shawara a kan hanyar Gashaka zuwa Kwano a farkon Disamba, in Allah ya yarda. Saura tambaya ɗaya ga Malam na Serti: shin abinci da tanti daga Jalingo ya kamata mu taho da su, ko kuwa ana samun abin da zai ishe mu a kasuwar Serti?