Manufofin koyo, ba manufofin koyarwa ba

Malamai da 'yan'uwa, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. A tsarin karatun masu digiri na farko a fannin gudanar da kasuwanci akwai abin da Turawa ke kira learning goals, wato abubuwan da ake so ɗalibi ya iya kafin a miƙa masa takardar shaida. Ƙungiyar AACSB, wadda aka kafa a Amurka a 1916 take tantance makarantun kasuwanci, tana bukatar kowace makaranta ta rubuta su, ta kuma nuna yadda take auna su. A Najeriya ma, sabuwar manhajar CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta jera wa kowane kwas abin da ɗalibi zai fita da shi. Ke nan maganar ta iso gida, amma kowa da yadda yake fassara ta.

A cikin kalmomin da za mu iya fassara ta da su a Hausa, buri dai na cire shi. Mutum yana iya yin burin da ba zai taɓa cika ba, kuma ba wanda zai tuhume shi. Sakamako kuwa, da ka ambata shi ɗalibi zai tuna allon da ake manna makin jarrabawa. Hadafi ta dace da ma'ana, sai dai wanda bai yi Larabci ba sai ya tsaya tambaya.

Saura manufa, wadda malamanmu na firamare da sakandare suka daɗe suna rubutawa a shirin darasi. A nan ne gardamar take. Da yawa suna cewa manufofin koyarwa, ni kuwa ban yarda ba. Koyarwa aikin malami ce. Malami zai iya ƙare manhaja tsaf, ya sa hannu, alhali ɗalibin da ya zauna gabansa shekara huɗu ba zai iya duba bayanan kuɗin kamfani ya ce ga riba ga asara ba. Abin da ake nufi a nan na ɗalibi ne: ya iya rubuta tsarin kasuwanci da banki zai karanta, ya tsaya gaban jama'a ya kare shawararsa da alƙaluma, ya yi aiki cikin ayari, ya gane inda ciniki ya fara taɓa amana. Saboda haka nake roƙon mu ce manufofin koyo. Idan muka saba da ita, shugaban sashe zai daina tambayar "me aka koyar?" ya koma "me suka iya?"

Abin da ya rage shi ne ƙananan matakan da ke ƙarƙashin kowace manufa, waɗanda ake ba wa maki, kamar fitar da lissafin shige da ficen kuɗi na wata uku. Su kam, na fi karkata ga kiran su ma'aunin iyawa. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da suka yi karatun da Faransanci, me kuke ce musu idan kuna bayani da Hausa?