Kansul na maganar rufe EHCP ɗin ɗana, in biya kuɗin rahoto ko in jira?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Ɗana shekararsa 19, yana da otizim da farfaɗiya, yana kwaleji ta masu buƙata ta musamman. Nan da mako uku za a yi zaman shekara-shekara na duba EHCP ɗinsa, wato takardar tsarin tallafin ilimi, lafiya da kulawa da ake yi wa masu buƙata ta musamman. Ma'aikaciyar kansul, wato ƙaramar hukumarmu, ta kira ni tana kewaye-kewaye, wai ya kamata mu fara tunanin mayar da shi hannun sashen kula da manya. Ni kuwa shekara ɗaya kawai nake roƙo a ƙara masa. Bana ne ya fara ƙirga canjinsa da kansa a shago, har da murnarsa. Shin in biya likitan halayyar ɗalibai mai zaman kansa ya rubuta rahoto kafin zaman, ko in jira hukuncinsu? Babansa ya ce mu jira, ni hankalina ya ƙi kwanciya.

Ummu Safiyya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ki fara nema masa DLA, kuɗin tallafin masu lalura da gwamnati ke bayarwa, yana rage nauyi sosai.

Baban Amira: DLA na 'yan ƙasa da 16 ne, nasa yanzu PIP ne, tallafin waɗanda suka kai 16. Kuma ba shi ta tambaya ba. Maman Khalil, dokar yara da iyalai ta 2014 ta ba da damar EHCP ya ci gaba har yaro ya kai shekara 25, kuma ba su da ikon rufewa don kawai ya kai 19. Sai sun duba ko ya cim ma burin karatun da aka rubuta a ciki. Bayan zaman, mako huɗu gare su su sanar da ke ko za su bar shi yadda yake, ko su gyara, ko su rufe.

Hajiya Binta: 'Yata, kar ki jira. Ni jira ne ya cuce ni. A zaman tawa 'yar, kujerar ɓangaren lafiya babu kowa, ma'aikaciyar jin daɗi kuma sabuwa ce, ko sunan yarinyar sai ta leƙa takarda. Kowa na ta murmushi ana cewa ta yi ƙoƙari. Ashe wannan yabon shi za su ɗauka su ce ta gama. Wasiƙar rufewa ta iso ina Kano wajen rasuwar mahaifiyata. Kafin in dawo in dawo hayyacina, wata biyun da ake bayarwa don ɗaukaka ƙara ya wuce. Yarinyar da ke shirya jakarta tun asuba ta koma zaman gaban taga da takalmi a ƙafa tana jiran mota. Wata takwas muna haka. Maganar da ta koya duk ta zube. Har yau in na tuna sai hawaye.

Maman Khalil: Innalillahi. Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ki ladan haƙuri. Kin ƙara tsorata ni wallahi.

Maman 'Yan Biyu: Mu fam 850 muka biya rahoton, bara waccan.

Abu Sadiq: 850 a ina? Mu 1,600 aka caje mu, kuma likitan ya ce in zai zo kotu ya ba da shaida wani kuɗin ne daban.

Maman 'Yan Biyu: Tamu ba ta je kwaleji ta ga yaron a aji ba, a gida ta yi komai. Ƙila shi ne bambancin.

Dakta A.: Ni shawarata ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki sa kwalejin ta rubuta abin da ya rage masa ya koya, ki kuma je SENDIASS na yankinku, ofishin da ke ba iyaye shawara kan irin wannan lamari, kyauta ne. In sun rufe kika ɗaukaka ƙara, dole su ci gaba da ba shi komai har kotu ta yanke hukunci. A lokacin ne rahoton zai fi amfani.

Hajiya Binta: Dakta, da girmanka, kana da yaro mai lalura? Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Dakta A.: Ba ni da shi, Hajiya, amma ina zama a irin waɗannan tarukan.

Hajiya Binta: To ku ne masu kujerar da ba kowa.

Ɗan Zazzau: Maman Khalil ki tafi musu da kilishi, fam 20 ta wadatar, har shekara 30 sai su rubuta masa 😂

Ummu Safiyya: Haba Malam, mutane na cikin damuwa.

Anti Rabi: Mu nan Sukotlan babu EHCP ma sam, namu tsarin daban ne, don haka ban san me zan ce ba. Addu'a dai.

Abu Sadiq: Ko an ƙara shekarar, ki tambayi maganar mota tun yanzu. Namu yana cika 16 aka ce motar kyauta ba dole ba ce, sai mu sa namu kason. Kwalejin mil 14 ce daga gida. Matata ta ajiye aikinta na safe saboda kai shi.

Maman 'Yan Biyu: Kai, maganar motar nan! Mu direba uku aka canza mana a zango ɗaya, yaron da ba ya son baƙuwar fuska. Ranar Litinin ƙin fita ya yi, ya riƙe ƙarfen bene.

Maman Khalil: Mu ma ba a ce mana komai kan mota ba. Abu Sadiq, a zaman ake tayar da maganar ko wani fom ne daban?