Neman taimako: macOS na tsayawa a baƙin sikirin a kwamfutar da na haɗa da hannuna

Sabon Ɗalibi ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina roƙon masana su duba mini wata matsala da ta sha mini kai kusan mako biyu ke nan. A bara na haɗa kwamfutar tebur da hannuna, ina sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda kuɗi suka samu: furosesa Intel Core i5-10400F, madabod mai B460, ram gigabayit 16, katin hoto Nvidia GTX 1650, da faifan ajiya na NVMe. Windows na tafiya a kanta lafiya lau.

Abin da ya kawo ni shi ne na gama haɗa wata manhajar waya ta Android da Flutter, wato kayan aikin rubuta manhajojin waya, yanzu kuma ina son in fitar da ta iPhone, wanda ba ya yiwuwa sai da Xcode, manhajar Apple ta gina manhajoji, shi kuwa Xcode ba ya aiki sai a kan macOS, tsarin da kwamfutocin Mac na Apple ke aiki da shi. Tun da ba ni da kuɗin sayen Mac a yanzu, sai na yanke shawarar ɗora macOS a kan tawa ta hanyar OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS a kwamfutar da ba ta Apple ba. Na samo foldar EFI, wato foldar fayilolin tayar da tsarin, da wani ya riga ya shirya wa madabod irin tawa, na sa ta a filashi, na kashe Secure Boot da CSM a cikin BIOS kamar yadda aka ce. Filashin yana tashi, rubutu ya yi ta gudu a sikirin, sai ya tsaya a wani layi mai ɗauke da kalmar gIOScreenLockState, daga nan sikirin ya yi baƙi ƙirin, fankokin kuwa suna ta juyawa. Na gwada nau'in macOS na Sonoma, na koma na Ventura, duk a wuri ɗaya abin yake tsayawa. Shin kuskuren daga saitin da ke cikin config.plist, fayil ɗin saitin OpenCore, yake, ko kuwa akwai wani abu a kayan nawa da ba zai taɓa karɓa ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka daina wahalar da kanka da config.plist tukuna, domin ko da wane gwani ne ya rubuta maka shi, wannan haɗin da ka lissafa ba zai ba ka macOS mai amfani ba. Layin da kake gani yana fitowa ne daidai lokacin da tsarin ya gama tayar da sauran sassa yana shirin miƙa ragamar sikirin ga katin hoto, to idan ya tsaya a nan, kusan kullum maganar hoto ce. Kai kuma naka ya haɗu ta fuska biyu.

Ta farko ita ce GTX 1650. Nvidia ta daina fitar da direbobin macOS, wato manhajojin da ke sa tsarin ya iya sarrafa katin, tun bayan nau'in High Sierra, wato 10.13, kuma katunan da suka amfana da waɗannan direbobi su ne na zuriyar Maxwell da Pascal, irin su GTX 970 da GTX 1060. Tsofaffin katunan Kepler kuwa Apple da kanta ta riƙe su har zuwa Big Sur, sannan ta cire su a Monterey. Naka katin na zuriyar Turing ne, wadda ta zo bayan an rufe wannan ƙofa, saboda haka ba a taɓa rubuta masa direban macOS ba ko sau ɗaya. WhateverGreen, ƙarin manhajar gyaran hoto da mutane ke yawan ambata, gyara yake yi wa direban da yake nan, ba ya ƙirƙiro wanda babu.

Ta biyu ita ce harafin F da ke ƙarshen sunan furosesarka, wanda yake nufin babu sashen hoto mai aiki a cikinta. Da a ce i5-10400 ce zalla, da tana da sashen hoto na UHD 630, wanda macOS ya san shi sarai saboda Apple ta yi amfani da furosesar ƙarni na 10 a iMac na 2020. A wannan hali sai kawai a umarci tsarin ya yi watsi da katin Nvidia, a jona wayar sikirin a bayan madabod, aiki ya tafi. To kai ba ka da wannan mafita.

Hanya biyu ta rage maka. Ko ka musanya furosesar da wadda ba ta da F, ka bar katin Nvidia saboda Windows, ko kuma ka canza katin da na AMD. Ni na fi karkata ga ta biyun, domin sauya wayar sikirin daga wannan kafa zuwa waccan duk lokacin da za ka koma Windows abu ne mai gundura. RX 580 yana aiki ba tare da wata dabara ba, RX 6600 ma yana aiki daga Monterey zuwa sama idan aka ƙara agdpmod=pikera a cikin umarnin tashi. Kada ka kusanci jerin RX 7000, su ma ba su da direba. Idan ka tsaya a kan furosesar F ɗin da katin AMD, sai ka gabatar da kwamfutar a matsayin iMacPro1,1 ko MacPro7,1, saboda waɗannan samfuran Mac su ma ba su dogara da hoton cikin furosesa ba.

'Yar Zazzau ta rubuta:

Malam Bakanike ya faɗi asalin ciwon, ba ni da abin ƙarawa a kai. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne foldar EFI ɗin da ka aro. Kasancewar madabod ɗinku suna ɗaya ba ya nufin komai naku ɗaya ne, domin nau'in BIOS na iya bambanta, na'urar sauti da ta intanet ma haka, kuma ba ka san waɗanne gyare-gyare mai ita ya cusa domin nasa katin ba. Sannan lambar siriyal ɗin da ke ciki tana hannun duk wanda ya sauke foldar, idan ka shiga asusunka na Apple da ita kana iya jawo wa kanka matsala da iCloud da iMessage, kai kuwa da kake shirin buɗe asusun masu haɗa manhaja bai kamata ka yi wasa da wannan ba.

Ka bi jagorar OpenCore ta shafin Dortania, ɓangaren furosesar Comet Lake, wato zuriyar taka, daga farko har ƙarshe, ka gina taka foldar. Za ta ci maka yini ɗaya ko biyu, amma ranar da abu ya lalace za ka san inda za ka duba. Ƙarin manhajojin da ba makawa a cikin foldar su ne Lilu, VirtualSMC, WhateverGreen, AppleALC domin sauti, da direban da ya dace da kafar intanet ɗinka, sai fayilolin SSDT, masu gyara yadda macOS ke ganin sassan madabod, irin su PLUG da EC-USBX da AWAC. Ka samar da sabuwar siriyal da GenSMBIOS.

Akwai aiki ɗaya da ya fi sauƙi idan ka yi shi tun kana cikin Windows, wato tsara taswirar kafofin USB da USBToolBox. macOS ba ya karɓar fiye da kafa 15 a kan kowane mai sarrafa USB, kuma kowace kafar USB 3 ana ƙirga ta biyu ne, shi ya sa wasu ke gama ɗorawa su tarar maɓallan rubutu ko linzami sun mutu.

Na taɓa raba faifai ɗaya tsakanin Windows da macOS, wata sabuntawa ta zo ta taɓa ɓangaren tashi, na yi kwana biyu ban iya shiga ko ɗaya ba, alhali aikin da zan miƙa yana ciki. Tun daga ranar kowanne yake da nasa faifan, kuma ina cire na Windows gaba ɗaya a lokacin ɗorawa. Ka ajiye filashi guda mai foldar EFI da ka tabbatar tana tashi, kada ka taɓa shi sai ranar buƙata. Kada kuma ka firgita idan ka koma Windows ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya. MacOS yana ajiye lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, ne a madabod, Windows kuma yana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, Najeriya kuwa tana gaban UTC da awa ɗaya.

Abokin Shawara ya rubuta:

Duk abin da 'yan'uwa suka faɗa daidai ne, amma ina son mai tambaya ya yi lissafi kafin ya ƙara kashe ko sisi. Apple ta koma furosesar Intel a 2006, shi ne abin da ya buɗe wannan hanya tun farko, sannan ta fara barinta a ƙarshen 2020 da fitowar furosesarta ta M1. A watan Yuni na 2025 ta sanar cewa macOS Tahoe, wato 26, shi ne na ƙarshe da zai tashi a kan Intel. Ga mai son sauraron kiɗa da rubuce-rubuce wannan ba damuwa ba ce ta kusa, amma kai Xcode kake nema, kuma Apple takan ɗaga mafi ƙarancin Xcode da take karɓar manhaja da shi lokaci bayan lokaci, kamar yadda ta wajabta Xcode 16 a watan Afrilu na 2025. Sabon Xcode yana neman sabon macOS, to ranar da aka wajabta wanda ba ya hawa Tahoe, kwamfutar da ka sha wahala a kanta ba za ta iya tura manhaja ba.

Ya kamata kuma ka sani cewa yarjejeniyar lasisin macOS ta taƙaita amfani da shi ga na'urorin Apple kaɗai. Kamfanin Psystar na Amurka da ya riƙa sayar da kwamfutoci ɗauke da shi, Apple ta kai shi kotu a 2008 kuma ta yi nasara a 2009. Wannan shari'a ta kasuwanci ce, amma wanda zai biya dala 99 duk shekara ya gina sana'arsa a kan asusun masu haɗa manhaja na Apple ya dace ya san matsayin abin da yake yi.

Da ni ne, kuɗin katin zan riƙe in ci gaba da tarawa har su kai na Mac mini mai M1 na hannu. Kafin nan, tun da Flutter kake amfani da shi, akwai GitHub Actions da Codemagic da ke gina manhajar iPhone a kan ainihin na'urorin Mac ta intanet, kai kana zaune a kan Windows ɗinka.

Sabon Ɗalibi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wallahi ban san ma'anar harafin F ba sai yau, na ɗauka alamar sauri ce. Maganar Abokin Shawara ta shige ni, kuma zan fara gwada ginawa ta intanet a wannan makon. Sai dai ina buƙatar na'urar kwaikwayon iPhone da ke cikin Xcode domin in ga yadda shafukan ke zama kafin in tura, kuma kuɗin Mac mini sun yi mini nisa a bana. Na sami wanda zai karɓi GTX 1650 ɗin ya ba ni RX 580 na hannu in cika masa kaɗan. Malam Bakanike, akwai abin da ya kamata in duba kafin in amince?

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Akwai, kuma kada ka ba da naka sai an jona nasa a gabanka. Ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a Windows ka duba lambar shaidar katin. RX 580 na asali yana nuna 67DF tare da ƙwayoyin aiki 2304. Idan ka ga 6FDF da 2048, to wannan shi ne samfurin 2048SP da ya cika kasuwar kayan hannu, macOS kuwa ba ya gane shi kai tsaye sai an sake masa BIOS ko an yi masa dabarar ɓad da kama, abin da ba zan so ka fara da shi ba. Da yawa daga cikin waɗannan katunan an yi haƙar kuɗin kirifto da su, an kuma canza musu BIOS, saboda haka ka bar shi ya yi aiki mai nauyi na kamar rabin awa kana kallon zafinsa da yadda fankokinsa ke juyawa.

Sannan ka buɗe kwamfutarka ka karanta abin da ke rubuce a jikin akwatin wutarta. GTX 1650 wat 75 yake ci, yawancinsu ma ba sa neman ƙarin waya, RX 580 kuwa yana kaiwa wat 185 kuma yana buƙatar waya mai baki takwas. Idan akwatin naka bai kai wat 500 ba, ko ba shi da wannan waya, to ka sa kuɗin sabo a cikin lissafinka tun yanzu. Ka turo mana abin da ka gani a jikinsa da kuma cikakken sunan madabod ɗin, sai mu duba saitin BIOS tare.