An yi juyen baƙin mai amma wutar MAINT REQD ta ƙi mutuwa

Mai Sienna 2008:
Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na kai motata Toyota Sienna aka yi juye, sabon baƙin mai da sabuwar filta, ina tsaye aka yi komai. Amma har yanzu da na tada mota sai in ga rubutun nan MAINT REQD, mai tuni cewa lokacin sabis ya yi, yana nan daram a dashbod. Na koma, yaron da ya yi aikin ya ce da kanta za ta mutu in na ɗan yi tafiya. Na yi tafiyar, shiru. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka, don maiɗakina duk ta shiga motar sai ta tambaye ni ko lafiya.

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Yaron nan ya sallame ka ne kawai, Malam. Ba ta mutuwa da kanta ko shekara za ka yi kana yawo. Wutar ba ta san abin da ke cikin inji ba, tafiya kawai take ƙirgawa. In ka ci mil 4,500 daga ranar da aka kashe ta, sai ta fara ƙyaftawa na ɗan lokaci duk sanda ka tada mota. In ka kai mil 5,000, wato kusan kilomita 8,000, sai ta tsaya cak. Ko man zinariya ka zuba, sai an gaya mata an yi juye.

Yadda nake yi wa tawa, ita ma irin taka ce: murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo, kada ka tada inji. Danna ɗan tsinken nan na jikin mita har ya nuna ODO, jimlar tafiyar motar ke nan. Kashe. Sa yatsa ka danne tsinken, kana danne da shi ka sake murɗa makulli. Za ka ga 'yan layuka suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, daga nan sifiri ya jeru. Sai a lokacin za ka saki. Galibi a nan ake faɗuwa, mutum ya ga layukan sun fara tafiya ya ɗauke hannu.

Mai Sienna 2013:
Baba ya faɗi daidai, amma masu sabon jiki su lura. Ni na bi wannan hanyar ta ODO sau huɗu, har yatsana ya yi shati, ba abin da ya motsa. Ashe a irin tawa a kan TRIP A, wato ƙirgen gajeriyar tafiya, ake barin mitar kafin a kashe. Ina sauyawa, karo ɗaya ta mutu. Wanda tasa mai madannin tayarwa ce, ya danna sau biyu ba tare da ya taka birki ba. In ka taka birki injin zai tashi, ka dawo farko.

Uwar yara mai Odyssey:
Ni tawa Honda ce ta 2009, kuma lissafinta daban. Ba mil kaɗai take bi ba, tana duba yadda injin ya sha aiki da zafin da ya yi, sai ta nuna ragowar ƙarfin man a kaso. Idan ya sauko 15% sai hoton sufana ya fito da wasu haruffa, A ko B, wani lokaci da lamba a gefe. A juye ne kawai, B kuma juye da filta da duba birki da sauransu. Na daɗe ina zaton lambobin nan ado ne, ashe 1 na nufin a sauya wa tayoyi wuri.

Kashewar: a kunna ba a tada ba, a danna madannin jikin mita har kason man ya fito, a danne kamar daƙiƙa 10 har ya fara ƙyaftawa, a saki, a sake dannewa kamar daƙiƙa 5, sai ya koma 100%. Wannan sakin na tsakiya shi ya wahalar da ni.

Mai Grand Caravan:
Ku duk kuna ta fama da madanni, mu da ƙafa muke yi. A kunna ba a tada ba, a taka totur har ƙasa a hankali sau uku cikin daƙiƙa 10, a kashe. Ranar da aka fara gaya mini dariya na yi, na ɗauka zolaya ce. Motar Town & Country ma haka take.

Ɗan koyo:
Ni batir na cire na bar ta ta kwana. Da safe agogo ya rikice, tashoshin rediyo duk sun goge, ita kuwa wutar tana nan tana kallona. Ƙarshe salatif na liƙa a wajen.

Tsohon direba:
Cire salatif ɗin nan, ɗana. In ka rufe ta, wa zai tuna maka juye na gaba?

Wanda ya taɓa ƙona inji:
Ina roƙon kowa ya tabbatar wace wuta yake magana a kai. Akwai ta tuni, wadda kuke ta bayani, akwai kuma jar nan mai hoton buta da ɗigo a bakinta. Ita wannan ba a kashe ta da madanni, cewa take mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata. Ni abin da ya same ni ke nan. Kwana biyu da juye ta fara ƙyaftawa in na sha kwana, na ce ai wutar sabis ce da aka manta ba a kashe ba. Ashe noti na ƙasan inji ba a ɗaure shi da kyau ba, man yana ta ɗiga. Har na ga ɗan baƙin tabo a inda nake ajiye motar, na ce na tsohon mai ne. Rana ta uku na ji ƙwas-ƙwas daga gaba, kafin in samu gefe in tsaya aikin gama ya gama. Da na zaro gejin mai, a bushe yake ƙayau. Yanzu duk juyen da aka yi mini, sai na bari injin ya huce na duba gejin da kaina, na leƙa ƙasa.

Uwar yara mai Odyssey:
Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri. Wani abin kuma, kada a kashe wutar in ba a yi juyen ba. Ƙanena ya taɓa mayar mini da ita 100% don kawai ta dame shi, lissafin ya ɓace mini gaba ɗaya, dole na sake juye tun lokaci bai yi ba.

Mai Sienna 2008:
Alhamdulillahi, ta mutu. Karo na farko na saki da wuri kamar yadda Baba ya ce, na biyu na daure har sifirin ya fito. Na duba gejin ma, man yana daidai layin sama. Na gode ƙwarai. Ɗan koyo, mece ce motarka? Faɗi ƙirarta da shekararta, wataƙila a samu mai irinta a nan.