Wa ya ƙona dajin, kuma wane ne jahili?

Sani Mai Zuma: Jama'a, raina a ɓace yake. An sake cinna wa dajin bayan gari wuta saboda farautar gafiya, amyoyin da na ɗaura a kan kaɗanya sun ƙone ƙurmus. Jahilan nan ba su san ƙwari ne ke tada daji bayan gobara ba. Gara tana can cikin suri, wuta ta bi ta kanta ta wuce, sai ta fito ta ja ragowar itace da ganye ƙasa, ta huda hanyoyin da ruwan damina zai shiga. Kaɗanya kuma da rani take fure, daidai lokacin sa wuta, ƙudan zuma ne ke bin furen har ta yi 'ya'ya. In an kashe zuma, ina mata za su samu kaɗe?

Baba Ɗanladi: Sani, wa kake kira jahili? Ni mafarauci ne ɗan mafarauci, na sauke Alƙur'ani tun ba a haife ka ba.

Sani Mai Zuma: Baba, ban kama suna ba.

Baba Ɗanladi: Ka ce masu farautar gafiya. Mu nawa ne a garin?

Hajiya Larai: Kalmar ta yi nauyi, Sani, ka janye. Sannan garar da kake yabo ta cinye min azarar ɗaki, ni ban ga alherinta ba.

Malam Isufu, daga Tawa ta Nijar: Hajiya, a wajenmu gayyato ta ake yi. Ana haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a faƙo, a zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwa ya zauna, gero ya tsaya inda ko ciyawa ba ta fitowa. Da irin wannan dabara marigayi Yakuba Sawadogo ya tada daji a Burkina Faso, har aka ba shi lambar yabo a 2018. Sani yana da gaskiya.

Baba Ɗanladi: Malam, ba gara muke magana ba, zagi muke magana. Kuma a tambayi makiyaya, su ke sa wuta don shanu su samu sabon tsiro.

Bello Jauro: Dama na san za a zo kanmu. Wanda shanunsa ke jiran busasshiyar ciyawa har bazara ne zai ƙona ta? Mu ma asara muka yi.

Hajiya Larai: Masu zuma fa? Ba da bakin wuta kuke hawa bishiya da dare ba?

Sani Mai Zuma: Hayaƙi nake sawa, Hajiya. Kuma wutar bayan girbi daban, ciyawa da sauran ɗanyenta, sama-sama take ci. Ta ƙarshen hunturu ita ce ke cin ƙananan itatuwa.

Baba Ɗanladi: Har yanzu bai janye ba.

Bello Jauro: Baba, kai ma ka janye naka.

Garba, mai kula da zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: babu wanda ya kawo shaidar cewa mafarauta ne suka sa wutar, Sani ya zagi dattawa, ya kamata ya je har gida ya ba Baba haƙuri. Zancen makiyaya kuwa kowa ya san yana faruwa. Maganar gara a bar ta sai wani lokaci. Na rufe.