Karayar damtsen Umma ta ƙi kamawa: a sa ƙarfe ko a canza gaɓar?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu, shekarunta 69. Faɗuwa ta yi ta dafa ƙasa da hannun dama, ƙashin damtse ya karye can sama dab da kafaɗa. Aka ce ba sai an yi aiki ba, aka rataye hannun a wuya. Yanzu an haura wata shida, hoto ya nuna ƙashin bai kama ba. In ta yi ƙoƙarin ɗaga gwiwar hannu sai ka ga damtsen ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ko gashinta ba ta iya tajewa. Tana da ciwon suga. Likitan ƙashi ya ba mu zaɓi biyu: ko a ɗaure ƙashin da ƙarfe a yi dashen ƙashi daga ƙugunta, ko a cire kan ƙashin a sa gaɓar roba da ƙarfe. Yayanmu ya dage cewa kuskure aka yi tun farko da ba a yi aikin ba, kuma ƙarfe yake so, wai gara ƙashinta na asali. Ni kaina ya ɗaure.

Wani mamba: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Umma lafiya. Ni ƙarfe aka sa mini bayan haɗarin babur, aka ɗebi ƙashi a ƙuguna, yau ga shi ina ɗaga hannu har sama. Ƙugun ma ya fi damuna da ciwo a makonnin farko. Ku bi maganar yayanki.

Likitan ƙashi a cikin zauren: Malam, ka karye ne kana da sauran ƙuruciya ko? Ƙashinka da na dattijuwa ba ɗaya ba ne. 'Yar'uwa, fara kwantar wa yayanku hankali. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan karaya ba sa gocewa sosai, rataya kawai ke warkar da su. Ko waɗanda suka goce, wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 250, aka fitar a 2015, ya nuna bayan shekara biyu waɗanda aka yi wa aiki ba su fi waɗanda aka rataye samun sauƙi ba. Umma ta faɗa cikin 'yan tsirarun da ƙashinsu ya ƙi kamawa ne, kuma suga da laushin ƙashi na tsufa suna taimakawa wajen hana shi kamawa.

Abin da zai raba gardama shi ne halin da kan ƙashin yake ciki, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin kwarmin kafaɗa. Idan karaya ta daɗe tana motsi, sandar damtsen takan ci cikinsa har ya zama fanko, wani lokacin jinin da ke ciyar da shi ya yanke ya mutu. Sukurori ba su da abin riƙewa a fanko: ko su sassauta, ko kan ya rufta su ɓullo cikin gaɓar suna kankare ta. Amma idan kan yana da rai da kauri, farantin ƙarfe mai kulle sukurori tare da dashen ƙashi yana aiki sosai, har akan cusa guntun siririn ƙashin ƙwauri a ciki ya zama ginshiƙi. Hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙashi yanki-yanki, shi ne zai nuna wannan, ba hoton ƙashi na yau da kullum kaɗai ba.

Gaɓar da ake sa wa masu shekarunta yawanci juyayyiya ce, wadda likitan Faransa Paul Grammont ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Ƙwallon ake ɗaurawa a allon kafaɗa, kwarmin a kan damtse, don babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ta ɗauki aikin ɗaga hannu ko da ƙananan jijiyoyin ciki sun lalace. Ba ta jiran ƙashi ya haɗe. Ni da za a ce kan ya zama fanko, ita zan zaɓa wa tawa uwar.

Mai gashin ƙashi: Gaskiya ne likita, amma a gaya musu iyakarta. Yawanci ciwo yana raguwa, hannu ya kai baki da kai. Kai hannu baya, kamar ɗaura wani abu a gadon baya, shi ke wuya, kuma gaɓar tana iya gocewa, musamman a farko. Ɗaukar kaya mai nauyi kuma sai haƙuri. Kowanne aka yi, akwai watanni na motsa hannu a gaba.

Ma'aikaciyar jinya: Ku daidaita sugan kafin ranar aiki, shi ke jawo ciwo ya ruɓe. A auna bitamin D, a duba ƙarfin ƙasusuwanta gaba ɗaya, don wadda ta karye daga faɗuwar tsaye ƙugunta ma yana cikin haɗari.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ba a yi CT ba tukuna. Kuma na lura gefen kafaɗarta ta waje, wuri kamar faɗin tafin hannu, ba ta jin taɓawa sosai. Da matsala?

Likitan ƙashi: Wannan ki faɗa wa likitanta kafin komai. Jijiyar da ke ba wurin nan ji ita ce ke motsa babbar tsokar da na ambata, kuma tana zagaye wuyan ƙashin daidai inda ya karye. Idan tsokar ba ta aiki, juyayyiyar gaɓa ba za ta yi ba. Akwai gwajin jijiya da ake yi da siraran allurai da lantarki. A yi shi tare da CT, sannan ku koma ke da yayan naku ku ji bayanin tare.