Na gama digiri a fannin talla: shin kula da shafukan 'yan kasuwa zai riƙe ni a matsayin sana'a?

Mai tambaya, daga Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala digiri a fannin kasuwanci, ɓangaren tallace-tallace, a jami'ar KNUST da ke Kumasi, Ghana, kuma saura wata 3 in gama hidimar ƙasa. Tun ina aji uku nake kula da shafukan Instagram da Facebook na shagon goggona, wadda ke sayar da atamfa da leshi da mayafai a kasuwar Kejetia. Ni ke ɗaukar hoto, ni ke yanka bidiyo da CapCut, ni ke amsa masu tambayar farashi, wani lokaci har ƙarfe 11 na dare. Mabiya sun haura 4,000, amma ban taɓa karɓar ko sisi ba, domin Goggo uwa ce.

Bara wani mai shagon takalma ya ɗauke ni a kan sidi 600 a wata, da baki kawai muka yi magana. Na yi masa wata 2, sai ya ce bai ga wani ciniki ya ƙaru ba, har yau bai biya ni ba. Tun daga nan Baba ya kafe a kan cewa danna waya ba sana'a ba ce, in nemi aikin banki ko na gwamnati. Ni kuwa zuciyata tana kan wannan aiki. Shin in tafi Accra in nemi gurbi a kamfanin talla, ko in zauna a Kumasi in tara masu shaguna da kaina? Kuma yaya ake yanke farashi ba tare da an sake cinye mini gumi ba?

Wani ɗan'uwa daga Nima, Accra

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekara 7 ke nan ina wannan aiki, don haka ki yi haƙuri in fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba. Mai takalman nan ya zalunce ki, amma ke ma ba ki da abin da za ki nuna masa. Da kin rubuta cewa mutum kaza ne suka turo saƙo ta dalilin shafin, kaza daga cikinsu suka saya, kuɗin da suka kashe kaza, da bakinsa ya mutu. Ɗan kasuwa ba ya kai mabiya 4,000 banki, abin da ya shigo aljihunsa da wanda ya shigo ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, shi yake lissafawa.

Saboda haka kafin ki gama hidimar ƙasa, ki mayar da shagon Goggo wurin gwajinki. Ki buɗe mata WhatsApp Business, ki jera kayan da hoto da farashi, sannan ki sa alama a kan kowace hira: wadda ta tambaya kawai, wadda ta biya, wadda aka aika wa kaya. Ki daina danna maɓallin haɓaka rubutu da ke ƙarƙashin hoto, ki shiga Ads Manager, wato shafin tsara talla na Facebook, ki tsara talla wadda ke kai mutum kai tsaye cikin WhatsApp, ki taƙaita ta ga matan da ke Kumasi da kewaye, ki saka kuɗi kaɗan, ko da sidi 30 ne a rana har kwana 10. Ki gwada bidiyo biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Twi, ki ga wanne ya fi kawo hira a kan kuɗi mafi ƙanƙanta. Wannan lissafin, idan kika tattara shi a shafi biyu, ya fi takardar digirinki magana a gaban mai ɗaukar aiki. Darussan Meta Blueprint da na HubSpot Academy da na Google Skillshop suna da yawa waɗanda kyauta ne, kuɗin data kawai za ki kashe.

Game da farashi, ki raba kuɗin aikinki da kuɗin da za a biya Facebook, kada ki taɓa haɗa su. Ki rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: bidiyo nawa a wata, wa zai amsa saƙonni, yaushe za a biya, kuma a ba ki rabi kafin ki fara. Shawarata dai ki zo Accra ki yi shekara 2 a kamfani, domin a nan manyan masu ba da talla suke, kuma a nan za ki koyi yadda ake sarrafa kasafi mai nauyi da kuɗin wani.

Wata Hajiya mai shago a Kejetia

'Yata, ni ba 'yar boko ba ce, ɗana ne ke rubuta mini wannan, amma irina ne za ki nema su ba ki aiki, don haka ki saurara. Na taɓa ɗaukar wani yaro ya yi mini shafi. Hotunansa sun yi kyau ƙwarai, sai dai ya saki tallar leshin Sallah saura kwana 5 a sauko daga idi, lokacin da babu telan da zai karɓi ɗinki a duk faɗin Asawase. Mai sayen kayan Sallah tun kafin azumi ya raba take yanke shawara. Kuma da muka rabu, ya tafi da shafin, domin da lambarsa ya buɗe shi.

Abin da ya fi sayar mini da kaya shi ne bidiyon da nake warware turmi a bakin shago da hasken safiya, in murza shi a hannu, in faɗi farashinsa da bakina. Matan da ke saye a wurina da yawa saƙon murya suke turowa, ba rubutu ba, kuma idan aka bar su awa 3 babu amsa sun wuce shagon gaba. Ki kuma je ki zauna da Goggonki ki ce ta yanka miki wani abu a kan kowane turmin da aka sayar ta waya. Ba rashin kunya ba ne, ko 'yar cikina na biya.

Wani malami daga Tafo

Ina so in ƙara abin da ya shafi doka. Duk tallar abinci, magani, man shafawa ko maganin gargajiya tana buƙatar amincewar hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) kafin a fitar da ita, bisa dokar lafiyar jama'a ta 2012, kuma masu sayar da irin waɗannan kaya su ne za su fi yi miki tayin kuɗi da wuri. Ki nemi ganin takardarsu tukuna. Haka nan lambobin wayar masu saye suna ƙarƙashin dokar kare bayanai mai lamba 843, ita ma ta 2012, don haka ba a ɗaukar jerin lambobin wani shago a kai wa wani. Idan aiki ya fara zama, ki yi rajistar sunan kasuwanci a ofishin magatakardar kamfanoni. Tun 2021 lambar katinki na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ita ce lambar harajinki. Takardar rajistar nan za ta iya sanyaya zuciyar mahaifinki fiye da doguwar muhawara.

Wata 'yar'uwa daga Sawaba

Na yarda da Yaya na Nima a komai ban da maganar ƙaura. Na yi shekara guda a wani kamfanin talla a Accra, kuma bayan kuɗin ɗaki, wanda masu gida ke neman na shekara ko fiye a dunƙule, da kuɗin mota kullum, abin da ke saura bai kai wanda nake samu yanzu daga shaguna 4 a Kumasi ba. Babban suna ma ba lamuni ba ne: Twitter ya sanar da buɗe ofishinsa na Afirka a Ghana a 2021, a watan Nuwamba na 2022 kuma aka sallami kusan duk ma'aikatan. Ke kina jin Hausa da Twi da Turanci, kin san Kejetia lungu-lungu, abin da yawancin masu zama a ofisoshin unguwar Osu da ke Accra ba su da shi. Amma kada ki ƙi neman aikin albashi don ki ci gardama da Baba. Ki tura takardunki, ki riƙa yin shaguna 2 da yamma da ƙarshen mako, har ki ga kuɗinsu ya tsaya wata 6 a jere.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, jiya bayan la'asar na yi wa Goggo maganar, ta yi dariya ta ce ita ma tana mamakin shirun da na yi. Mun tsaya a kan sidi 10 a kowane turmi. Na kuma duba na ga shafin nata da lambata aka buɗe shi, yau za mu mayar da shi sunanta, ni in zama mai kula kawai. Yaya na Nima, idan ba damuwa, ina roƙon ka turo mini samfurin yarjejeniyar shafi ɗayan nan, domin akwai wata mai abincin biki a unguwarmu da ke jiran amsata ranar Asabar.